Magajin Keffi da Tsohuwar Gidanmu

Wani Bakano ne ya tsokano mini wannan magana. Abokina ne na shekara da shekaru, shadda yake sayarwa, ni kuma lissafi nake koyarwa a sakandare, kuma kusan kullum bayan isha'i muna haɗuwa a teburin mai shayi a Tudun Wada. Wasan Kanawa da Zagezagi gadonsa muka yi, ba a fushi a kansa. Ran nan hira ta gangaro kan zuwan Turawa, sai ya ajiye kofinsa ya dube ni ya ce, "Malam, ku fa ko kibiya ɗaya ba ku harba ba. Mu da igwa aka fasa mana ganuwa, Sakkwatawa suka tsaya a Giginya, ku kuwa aikawa kuka yi kuka ce Nasara ya zo." Majalisa ta ɗauki dariya. Na buɗe baki zan rama, sai na ce, "Alhaji, sai da safe," na ja babur ɗina na kama hanyar Ƙofar Doka. Maganar ta soke ni, don akwai gaskiya a cikinta.

Sarkin Zazzau Muhammadu Kwasau, na gidan Barebari, wanda ya hau gado a 1897, shi ya nemi taimakon Turawa. Wannan ba abin musu ba ne. Sai dai duk wanda ya faɗi haka ya yi shiru, ya datse labari a tsakiya. A farkon 1901 sojojin Gwamna Lugga sun kori Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim ɗan Umaru Nagwamatse, daga garinsa. Ya fito da mayaƙa masu yawa, babu gari babu gona, ya faɗo wa ƙasar Zazzau yana kame mutane, ƙauyuka suna watsewa, talakawa suna kwana a daji. Ga shi jinin gidan Shehu ne, ba mutumin da sarkin Zazzau zai zare wa takobi kai tsaye ba. Kwasau ya dubi gabas ya dubi yamma, ya aika wa Turawa. A farkon 1902 suka zo, suka kama Sarkin Sudan, suka kafa bariki a wajen gari, suka ajiye Razdan, Kyaftin Abadi, wanda tsofaffinmu ke kira Mai Jimina. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kafin shekarar ta fita, a watan Satumba, wannan Razdan ɗin ya kama sarkin da ya kira su, aka wuce da shi Wushishi, daga baya Lakwaja, can ya rasu. Galadima Sulaimanu ya riƙe gari har 1903 da aka naɗa Aliyu ɗan Sidi na gidan Mallawa. Shi ma ƙarshensa Lakwajar ce.

Abin da ya fi ci mini rai a cikin wannan babi shi ne, a nan garin namu rundunar da ta ci Kano ta taru. Ranar 29 ga Janairu 1903 Kanar Molan ya tashi daga Zariya da soja sama da 700, da igwa huɗu da bindiga mai ruwa huɗu. Sojojin nan kuwa galibinsu Hausawa ne da Yarbawa, Turawan cikinsu ba su kai arba'in ba. Suka fasa Bebeji a hanya, ranar 3 ga Fabrairu suka shiga Kano ta wajen Ƙofar Kabuga. Ruwan rijiyoyinmu suka sha suka tafi.

A daren nan ina kwance barci ya ƙi zuwa, sai sunan da ya kamata in jefa wa Alhaji ya faɗo mini: Magajin Keffi, Ɗan Yamusa.

Yaran yanzu idan an ce Keffi, sai su tuna Jihar Nasarawa da hanyar Abuja. A wancan zamani Keffi ƙarƙashin Zazzau take, kamar Jama'a da Nasarawa da Doma. Abdu Zanga ne ya kafa ta a farkon ƙarni na 19, kuma kowace shekara tana kawo gaisuwa fadar Zazzau. Akwai sarki a Keffi, amma a shekarun da nake magana a kansu ƙarfi yana hannun Magaji. Shi ne wakilin Sarkin Zazzau a can, dawakai da mayaƙa a hannunsa suke. Ke nan bawan sarautar Zazzau ne, da yawun fadar nan yake magana.

Turawa sun ajiye Razdan a wannan yanki, Kyaftin Maloni, mutumin da ya taɓa samun rauni a ƙafa a wani yaƙi, tafiya ma da ƙyar yake yi. Yana son Magaji ya miƙa wuya ya daina kai hari. Magaji ya ƙi. Ranar 3 ga Oktoba 1902 Maloni ya zo filin ƙofar fadar Keffi ya zauna, ya aika a kira Magaji. Magaji bai fito ba. Aka sake aikawa. Mataimakin Razdan ya shiga gidan da kansa, yaran Magaji suka taɓa lafiyarsa suka fitar da shi. A tsakanin ɓangarorin biyu akwai tafinta mai suna Audu Timtim, kuma ruwayoyi da yawa a wuyansa suke rataya laifi, cewa abin da yake kai wa Magaji daban, abin da yake mayar wa Bature daban. Da Maloni ya ga abin ya ƙi, sai ya aika a kira soja. Kafin su iso Magaji ya fito a kan doki da bindiga, ya harbe shi. Tafintan ma bai tsira ba. Magaji da mutanensa suka yi arewa.

Ni malamin lissafi ne, kwanan wata nake fara dubawa kafin in yanke wa mutum hukunci. Satumba aka kama Kwasau. Oktoba da kwana uku aka kira Magaji ya fito fili gaban Razdan. 'Yan makonni ke nan tsakani, kuma fatake ba sa yankewa a hanyar Zariya zuwa Keffi, labarin kama sarki kuwa ba ya kwana a hanya. To mutumin da aka ɗauke ubangidansa, sarki sukutum mai tambari, wanda ma shi ya gayyato su, yau a ce masa fito Bature na kira, me zai zata? In an ga gemun ɗan'uwa ya kama wuta, shafa wa naka ruwa ake yi. A ganina Magaji ya riga ya san ƙarshen fitowar, ya zaɓi ya fito a kan doki maimakon a fito da shi a ɗaure. Ba na jin daɗin cewa wanda ya harba gurgu ne a zaune ba makami. Amma gurgun nan soja ya aika a kira, kuma ƙasar da yake zaune a kai yana ba da umarni ba ta ubansa ba ce.

Zariya a lokacin tana hannun Mai Jimina, don haka Magaji bai ga ta tsayawa gida ba, ya zarce Kano. Sarkin Kano Alu ya karɓe shi da girma, har yakan sa shi a damansa idan an yi hawa. Wannan karɓa tana cikin manyan hujjojin da Lugga ya kafa na kai wa Kano yaƙi. Ga abin da na so in ce wa Alhaji ke nan: igwar da ta fasa ganuwarku, ai baƙon da ya zo muku daga ƙasar Zazzau take nema. Alu ya tafi Sakkwato a farkon Janairu don mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi, Attahiru ɗan Ahmadu, Magaji yana cikin tawagar, shi ya sa Molan bai same su a Kano ba. Sarkin Shanu ne ya tsaya a gidan sarki har aka kashe shi. A kan hanyar dawowa Waziri Ahmadu ya yi shahada a Kwatarkwashi. Ranar 15 ga Maris aka yi karon Giginya, Sakkwato ta faɗi, Attahiru ya ɗauki hanyar gabas da niyyar hijira.

Duk lokacin da na zo wannan gaɓar sai jikina ya yi sanyi. Mutum ya fito daga Sakkwato ba shi da komai sai tuta, ya ratso tsakanin ƙasar Kano da ta Zazzau, mutane suna barin gonakinsu ga damina ta kawo kai, suna bin bayansa da mata da yara da jakuna. Sarakai da malamai da talakawa. Magajin Keffi yana cikinsu. Suka isa Burmi, kusa da kogin Gongola, a ƙasar Gombe ta yanzu wajen Bajoga. A watan Mayu Turawa suka kawo hari garin, aka kora su da raunuka. Suka koma suka yi shiri, suka dawo ranar 27 ga Yuli 1903. Aka yini ana yi har rana ta yi sanyi. Shugaban rundunar Turawa, Manjo Mash, kibiya mai dafi ta kashe shi. A ɓangaren masu hijira mutum sama da 600 suka kwanta, aka sami Sarkin Musulmi a tsakiyar gawarwakin mutanensa. Magaji Ɗan Yamusa ma a nan ya cika. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda garin da suka zauna a bakin kogin Shuɗin Nilu yake amsa sunansa har yau.

Daga 3 ga Oktoba zuwa 27 ga Yuli, wata 9 ne da kwana 24. Tun harbin farko har na ƙarshe mutumin Zazzau yana ciki, bai miƙa wuya ba, bai nemi sulhu ba. A iya yawona cikin Zariya, daga Kwarbai zuwa Samaru, ban taɓa cin karo da titi ko makaranta mai sunansa ba, kuma na tambayi ɗalibaina aji uku, babu hannu ɗaya da ya ɗagu.

Washegari na koma majalisa da amsata a baki. Alhaji ya ce, "Malam, jiya ka gudu." Na ce masa gida ne ya kira. Aka kawo shayi, aka yi hirar farashin taki, aka tashi. Ban ambaci Magaji ba. Sunan ya tsaya mini a maƙogwaro, kuma na san dalili.

A gidanmu da ke cikin birni akwai wata mata da ban riske ta ba, mahaifiyar kakata. Tsohuwa kawai ake ce mata, ko bayan rasuwarta. Kakata, wadda muke kira Iya, ita ta riƙe ni ina yaro, a bakinta na ji komai. Tsohuwa ba Bazazzagiya ba ce. Daga duwatsun kudu aka kamo ta, a ƙasar Keffi. Iya ta ce lokacin ko famfara ba ta gama ba. An tura ta korar tsuntsaye a gonar dawa da sassafe, tana kan wani dutse tana kaɗa ƙwarya, sai ta hango hayaƙi daga wajen gidajensu, kafin ta sauko mahaya sun kewaye gonar. Wani ya sunkuyo daga kan sirdi ya ɗauke ta da hannu ɗaya. An ajiye su a Keffi wasu kwanaki, sannan aka ware waɗanda za a kai Zazzau cikin gaisuwar shekara, aka ƙirga da ita. A ƙasa suka taho. Ta Ƙofar Gayan aka shigo da su, ƙafafunta sun kumbura, wata mata a bakin ƙofar ta miƙo mata ruwa a ludayi. Wannan ludayin ruwa, in ji Iya, har ta tsufa tana sa wa matar albarka ba tare da ta san ko wace ce ba.

Daga fada aka ba da ita wani gida, ta girma a can, daga baya kakan mahaifina ya sa ta a ɗaka, ta haifi Iya. Ta musulunta, ta iya Hausa kamar kowa, ta yi furar da unguwa ke layi a kanta. Amma akwai huda a leɓenta na sama, irin ta mutanensu, kuma duk sanda baƙo ya shigo sai ta ja gefen mayafi ta rufe bakinta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar hawan sallah. Gida kakaf za a yi ado a tafi ƙofar fada kallon dawakai, yara suna rige-rige. Tsohuwa kuwa tun da ta ji tambari da kakaki za ta shige ɗaki ta saki asabari, ta zauna a ƙuryar gado. Idan mahaya suka biyo ta lungunmu suna sukuwa, Iya ta ce za ka ga hannunta yana rawa a kan gwiwarta, tana motsa baki ba sauti. Shekara fiye da hamsin a Zariya, ƙarar kofato ba ta daina razana ta ba.

Na taɓa tambayar Iya, ina ɗan sakandare lokacin, "Iya, wa ya kamo ta?" Ta ce, "Kai yaro, yarinya ƙarama ina ta san sunan mahayi? Mutanen Keffi ne dai." Da na girma na yi lissafin shekarun haihuwar Iya da na Tsohuwa, ya faɗo mini a ƙarshen shekarun 1890. Zamanin da yaƙin Keffi yake hannun Magaji ke nan. Harin da Maloni ya ce a daina, irin wanda ya ɗauko Tsohuwa daga gonar dawa ne.

To ka ga inda nake tsaye. Jinin da ke jikina, wani sashe na masu tambari ne, wani sashe na wadda ke ɓuya idan an buga tambarin. In na tashi a majalisa na yi kirari da Magaji, ina jin kamar na ɗaga asabarin nan na bar ƙarar dawakai ta shiga mata. In kuma na yi shiru na bar Alhaji da maganarsa, na ci amanar mutumin da ya ba da ransa a Burmi lokacin da manya da yawa suka karɓi takardar naɗi daga hannun Lugga.

Kada wani ya ce mini ai Turawa ceton irin su Tsohuwa suka zo yi. Na duba wannan da kyau, don na so ƙwarai ya zama gaskiya. Dokar Lugga ta 1901 ta hana kamu da cinikin bayi, ta ce duk ɗan da aka haifa bayan ƙarshen Maris na shekarar ɗa ne. Wannan alheri ne, ba zan rage masa komai ba, yara da yawa a duwatsun kudu sun kwana lafiya saboda shi. Amma waɗanda suke hannu an bar su a hannu, sai wanda ya iya tara kuɗi ya fanshi kansa ko ya gudu, domin Lugga yana bukatar sarakai da masu gandu su zauna lafiya su tara masa haraji. Sai a 1936 aka soke bautar gaba ɗaya a Arewa. Babu Baturen da ya zo ƙofar gidanmu ya tambayi Tsohuwa ina ne garinku. 'Yancinta ta hanyar shari'ar Musulunci ya zo, ranar da uban 'yarta ya rasu. Su kuma mutanen duwatsun, bayan mahayan Keffi sun daina zuwa, sojan Bature ne ya riƙa hawa yana ƙona musu rumbuna a kan haraji. Da aka zo shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ta ratsa Zariya ta isa Kano a 1911, da aikin dole aka ɗebi talakawan ƙasar nan.

Ina girmama tsayuwar Magaji, kuma da zuciya ɗaya nake faɗa. Ba kowa ke ganin bindiga mai ruwa ya sake komawa gabanta ba. Ina kuma riƙe da abin da dawakansa suka yi wa ƙauyuka, ba zan sassauta shi don a ji daɗin labari ba. 'Yata ta fari, da na ba ta wannan tarihi, ta ce, "Baba, to shi jarumi ne ko azzalumi?" Na ce mata ta je ta tambayi mutumin Burmi, sannan ta je ta tambayi mutumin duwatsun Mada da Eggon, ta dawo ta gaya mini. Ta ce wannan ba amsa ba ce. Ita kaɗai ce amsar da nake da ita.

A dogon hutun da ya wuce na shiga mota a Kwangila, na bi ta Kaduna da Abuja na sauka Keffi. Ban taɓa zuwa ba duk tsawon rayuwata. Ɗan acaɓan farko da na tare na ce ya kai ni inda aka binne Baturen nan, bai ko tambaye ni wanne ba, ya ce, "Dutsen Maloni, Baba? Hau mu je." Na hau tudun a hankali saboda gwiwa, na tsaya ina kallon rufin kwanon garin da duwatsun da suka yi shuɗi can nesa ta gabas. Sunan Yamusa yana nan a gidan sarautar Keffi, mutanen garin sun san shi, sun fi mu riƙe shi nesa ba kusa ba. Amma idona a kan duwatsun nan ya tsaya. Ɗaya daga cikinsu, ko wani a bayansu, yana da gonar dawa da dutsen da yarinya ke hawa ta kori tsuntsaye.

Akwai abu guda da Tsohuwa ta taho da shi. Idan tana niƙa takan yi wata 'yar waƙa da yarensu. Iya ta riƙe kalmomi huɗu daga ciki, da su take lallashinmu idan muna kuka, ni ma da su na lallashi nawa 'ya'yan. Ba zan rubuta su a nan ba, bakin Hausawa uku ya riga ya lanƙwasa su. Da na sauko daga tudun na shiga kasuwa, na nemi layin mata masu doya da gyaɗa. Na gaishe da wata dattijuwa, na ce, "Mama, don Allah ki saurari wani abu, ko kin san yaren." Na rera mata, muryata tana rawa, mutane suna waiwaye. Ta sa na maimaita sau uku. Ta kira maƙwabciyarta, ita Gwandara ce, ta saurara ta girgiza kai. Aka kira wata Mada, aka kira wata Yeskwa. Kafin wani lokaci mata shida sun kewaye ni, kowace tana juya kalmomin a bakinta, suna musu a junansu. Ɗaya ta ce kalma ta biyu ta yi kama da yadda kakarta ke kiran tsuntsu, amma ba ta rantse ba.

Dattijuwar farko ta tambaye ni wace ce mai waƙar. Na gaya mata a taƙaice. Ta yi shiru, sannan ta ɗebi gyaɗa cike da gwangwani ta ƙulla mini a leda, na zaro kuɗi ta ture hannuna. Ta ce in dawo bayan an girbe dawa, lokacin tsofaffin kan dutse suke saukowa cin kasuwa, in same ta a wannan rumfar, za ta kai ni wurinsu ɗaya bayan ɗaya. Na rubuta lambar rumfar a bayan tikitin motata. Na gaya wa shugaban makarantarmu tun yanzu cewa zan nemi kwana uku a watan Disamba, kuma 'yata ta ce da ita za a je.